Likita Ya Fito Bakin Titi

Duk wanda ya taɓa leƙa sashen masu karaya a babban asibiti, kamar asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas ko na Dala da ke Kano, zai ga samari kwance a jere, wani an naɗe masa ƙafa, wani an ɗaure masa kai. In ka tambaya, za ka ji da yawansu haɗarin babur ne ya kawo su. Likitoci na bakin ƙoƙarinsu wajen ɗinki da gyaran ƙashi, Allah ya saka musu. To amma ra'ayina shi ne, aikin likita a kan rauni ya kamata ya fara tun kafin a yi haɗarin, domin Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani.

Akwai misali a tarihi. A shekarar 1935 wani shahararren sojan Ingila mai suna T. E. Lawrence ya faɗi daga babur, ya bugu a kai, ya mutu. Ɗaya daga cikin likitocin da suka duba shi, Hugh Cairns, ya shiga binciken yadda masu babur ke mutuwa saboda raunin kai. Sakamakon bincikensa ne rundunar sojan Ingila ta wajabta wa masu tuƙa babur sanya hular kwano a 1941, kuma a 1973 doka ta hau kan kowa a ƙasar. Wannan likita ya ceci rayukan mutanen da bai taɓa gani ba.

A nan Nijeriya, lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta tsananta dokar hular kwano a watan Janairu na 2009, sai ga wasu 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya a kai. Wasu fasinjoji kuma suka ƙi hular, wai ana asiri da ita. Jami'in hanya tara kawai zai iya ci. Likitan da ya ga ƙwaƙwalwar da ta fashe shi ne ya fi cancanta ya je tashar 'yan acaɓa ko gidan rediyo, ya yi bayani da harshen da mutane ke ji.

Abu na biyu shi ne rubuta bayanai. Idan kowane asibiti na rubuta inda haɗari ya faru da lokacinsa da sanadinsa, za a gane kwanar da ke cin rai, a matsa wa hukuma ta gyara ta. Na uku, likitoci su ja masu ɗori a jiki. Jama'a ba za su daina zuwa wurinsu ba, alhali ɗaurin da ya yi tsauri kan hana jini gudu har gaɓa ta ruɓe a yanke ta. Gara a koya musu alamun haɗari da lokacin da ya wajaba su tura mutum asibiti.

Na huɗu, a daina jinkirta mai zubar da jini. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, kuma dokar 2017 ta ce a yi wa wanda aka harba magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba.

Wani zai ce likitocinmu ba su da yawa, aiki ya yi musu katutu, wasu ma sun tafi ƙasashen waje. Gaskiya ne. Amma wannan hujja tana goyon bayana ne, domin duk haɗarin da aka hana gado ɗaya ne ya ragu a asibiti.

Mu ɗalibai ma akwai namu. Gobe in za ka hau babur zuwa makaranta, tambayi hular kwano. Allah ya kiyaye hanya, amin.