Raddi Ga Masu Cewa a Wangale Ƙofar Haske Kawai

Akwai karatun da ake ɗora wa sababbin masu ɗaukar hoto: wai in ana son fuska ta fito tangaran, bayanta ya yi dishi-dishi, sai an sayi kyamara mai tsada, a kuma buɗe ƙofar hasken gilashinta har ƙarshe. Maganar da sauran gyara.

Batun tsada tukuna. Zurfin wurin da ke fitowa sarai a hoto, abu uku ke yanke shi: girman ƙofar haske, tsawon gilashi, da tazarar mai hoto da wanda yake ɗauka. Gilashin Canon 50mm f/1.8 yana cikin mafi araha. A ɗaura shi a kyamarar da idonta ya kai girman fim ɗin 35mm, a wangale ƙofar, a tsaya mita 2, abin da zai fito sarai kusan santimita 17 ne. A ja da baya zuwa mita 4, ya doshi santimita 70. Tako kaɗan ya ninka shi huɗu, ko kwabo ba a kashe ba.

Sai wangalewar. Santimita 17 sun ishi fuska guda, in an saita a kan idon da ya fi kusa. To, amarya da ƙawayenta sahu biyu fa? Na gaba su fito fes, na baya ko uwarsu sai ta ƙura ido kafin ta shaida su. Hoton taro a ɗan matse ƙofar zuwa f/5.6 ko f/8 yake so; a mita 2 ɗin nan, f/8 na ba da wajen santimita 80.

In an ƙure su, wasu kan tsallaka ɗaya gefen, su ce to a matse zuwa f/22, ai mai ɗaukar hoto Ansel Adams da abokansa sunan f/64 suka sa wa ƙungiyarsu a 1932. Haka ne. Amma Adams da abokinsa Edward Weston manyan kyamarori suke amfani da su, masu fim inci 8 da 10. A ƙaramar kyamara, hasken da aka tura ta ƙuntatacciyar kafa bazuwa yake yi, hoton duka ya yi laushi.

Ƙa'idar da ake yawan faɗa ta cewa sulusin wurin da ke fitowa sarai yana gaban inda aka saita, sulusi biyu a baya, ita ma a wata tazara kaɗai take cika. A kusa, kamar hoton fuska, kusan raba-daidai ne.