WA YA TONA ASIRIN JIRAGEN YAƘIN RUWA?

A birnin Istanbul na ƙasar Turkiyya akwai wasu bayin Allah da ba sojoji ba ne, ba kuma 'yan leƙen asiri ba, amma sun hana manyan rundunonin ruwa na duniya sakat. Aikinsu shi ne su rataya kyamara su tsaya a bakin mashigin Bosforus, duk jirgin yaƙin da ya gifta su ɗauki hotonsa, su rubuta sunansa da lambarsa da inda ya dosa, su watsa a intanet. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Yoruk Isik. Lokacin da Rasha ta tsunduma cikin yaƙin Siriya a 2015, ta hannun irin waɗannan mutane duniya ta riƙa ƙidaya jiragen da ke jigilar kayan yaƙi daga Bahar Aswad zuwa tashar Tartus. A watan Disambar wannan shekarar ma aka ɗauko hoton wani sojan Rasha a kan jirgi, saɓe da makamin kakkaɓo jirgin sama, ana ratsawa da shi ta tsakiyar birnin, har sai da Turkiyya ta kirawo jakadan Rasha ta nuna masa ɓacin ranta.

Wasu kuma ko bakin ruwan ba sa zuwa. Tun 2004 dokar ƙasa da ƙasa ta wajabta wa manyan jiragen kasuwanci sanya wata na'ura mai suna AIS, wadda ke ta shelanta sunan jirgi da inda yake da gudunsa, don kauce wa karo. Masu sha'awa suka kafa eriya a kan rufin gidajensu suna kama wannan shela suna tarawa a shafuka irin su MarineTraffic, wanda aka fara a ƙasar Girka a 2007. Sai ga hotunan tauraron ɗan Adam na kyauta sun zo sun ƙara wa wutar itace.

To a nan ne ake ta ƙorafin wai waɗannan mutane barazana ne ga tsaro, wai suna miƙa wa abokan gaba bayanai a ɓagas. Abin tambaya shi ne, wane abokin gaba? Rasha da Sin da Amurka, masu taurarin leƙen asiri da jiragen ƙarƙashin teku, su ne za su zauna jiran wani mai kyamara ya gaya musu cewa jirgi ya wuce? Yarjejeniyar Montreux ta 1936 ma ta wajabta a sanar da Turkiyya kwanaki kafin jirgin yaƙi ya ratsa mashigin. Ashe gwamnatoci sun daɗe da sani. Wanda bai sani ba shi ne talakan da aka sayi jirgin da harajinsa, kuma ake shirin yaƙi da sunansa.

Idan mai karatu ya bi diddigi zai ga cewa ɓarakar daga cikin gida take. Dokar AIS ba ta hau kan jiragen yaƙi ba, suna iya kashewa duk lokacin da suka ga dama. Amma a 2017 jirgin Amurka mai suna Fitzgerald ya yi karo da jirgin kaya a kusa da Japan, sojoji 7 suka mutu, bayan wata biyu wani mai suna John McCain ya sake yin karo a kusa da Singafo, 10 suka mutu. Rundunar da kanta ta umarci jiragenta su riƙa kunna na'urar a inda ake cunkoso. A farkon 2018 kuma wani ɗalibi ɗan Ostiraliya, Nathan Ruser, ya gano sansanonin soja a taswirar manhajar motsa jiki ta Strava, saboda sojojin suna gudu ɗaure da agogon da ke tona inda suke. Wanda ya bar ƙofarsa a buɗe ai ba ya tuhumar mai wucewa don ya ga tsakar gida.

Wannan ba yana nufin babu haɗari ba ne. Akwai shi, sai dai ba a kan masu ƙorafin yake sauka ba. Da aka fara kai wa jirage hari a Bahar Maliya a ƙarshen 2023, matuƙan jiragen kasuwanci suka koma rubuta saƙonni a gurbin da ake rubuta inda jirgi ya dosa, wani ya ce ba shi da alaƙa da Isra'ila, wani ya ce ma'aikatansa duk 'yan Sin ne, don sun san ana karantawa. A watan Maris na 2024 aka kashe ma'aikata 3 a jirgin True Confidence, 'yan ci-rani ne daga Filifin da Biyetnam. Saboda irin waɗannan, ya kamata mai bin diddigin jirage ya san cewa faɗin jirgi ya wuce jiya daban, nuna inda yake a wannan sa'a a fagen fama daban. Jinkirin kwana ɗaya ba ya rage wa labari gaskiya.

Amma a ce a rufe bakinsu gaba ɗaya, wannan kam a'a. A watan Yunin 2021 taswirar AIS ta nuna jirgin yaƙin Ingila mai suna Defender da wani na ƙasar Holan wai sun doshi bakin tashar Sebastofol, hedikwatar rundunar Rasha a Bahar Aswad. Ƙarya ce wani ya ƙirƙira ya cusa cikin bayanan, irin ƙaryar da ke iya haddasa fitina tsakanin ƙasashe masu makaman nukiliya. Da aka duba kyamarorin da kowa ke iya kallo a tashar Odesa ta Yukren, sai ga jiragen biyu a ɗaure a bakin gaɓa, nisan kusan kilomita 300 daga inda aka ce suke.