Maigida, Ɗauki Tsintsiya, Girmanka Ba Zai Zube Ba

Jama'a, akwai maganar da muka daɗe muna kewaya ta a majalisa, yau dai za mu faɗe ta ƙarara, wanda zai ji haushi ya ji. Mu magidantan Kurudu mun zama mutanen zaune. Da asuba mu hau mota ko acaɓa, mu sha cunkoson hanyar Nyanya a zaune, mu isa shago a Karu ko Wuse mu dasa kanmu a benci har magariba, mu dawo mu miƙe a tabarma a kawo tuwo, a biyo da shayi mai kauri. Tumbi ya fito, mu ce alamar arziki ce. Sai ranar da aka kwashi mutum ranga-ranga zuwa asibiti, likita ya ce hawan jini ne ko ciwon suga, sannan dangi su fara raɗe-raɗin jifa aka yi masa. Jana'iza nawa muka sallata ta mutanen da ko shekara sittin ba su cika ba? Ajali na Allah ne, babu ja. Amma jiki amana ne, kuma za a tambaye mu.

Iyayenmu a ƙasar Kano da Katsina da Zazzau ba su san wani gidan motsa jiki ba. Noma suke yi, su ja ruwa da guga, su yi faskare, su taka zuwa kasuwar ƙauye. Mu kuwa cinsu muka gada, har muka ƙara da lemon kwalba da fulawa, aikin ne muka baro can gida.

Wannan ba zancen malamai kaɗai ba ne. A shekarar 1953 wani likitan Ingila, Jeremy Morris, ya fitar da bincikensa kan ma'aikatan motocin haya masu bene na Landan. Ya gano ciwon zuciya ya fi kama direbobi, masu wuni a zaune, fiye da kwandastoci masu hawa da saukar matakala. Mota ɗaya, hanya ɗaya, bambancin kawai motsi. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce baligi na bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, wato rabin sa'a sau biyar, kuma aikin gida yana cikin lissafin.

Ga lissafi irin namu na 'yan kasuwa. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke zuba wa jiki. Wanda ba a kashe ba ya koma kitse, kamar hajar da ta ƙi fita ta cika shago. Ƙaramin cokalin sukari kalori 16 ne. Kwalbar lemo guda ta doshi 150. Sharar rabin sa'a kuwa tana ƙona wajen 100 ga matsakaicin mutum. Jarkar ruwa mai lita 25 nauyin kilo 25 ce. Ku dubi 'yan garuwan da ke turo mana kura a lungunan nan, kun taɓa ganin mai tumbi a cikinsu? Mu muke biyansu su kwashi wahalar, su haɗa da lafiyar.

Mun san abin da za a ce. Wai maigida da tsintsiya, ai sai a kira shi mijin-ta-ce. To, mu tambaya: wa ya kai Manzon Allah (SAW) girma? Ya zo a Bukhari cewa an tambayi Nana A'isha abin da yake yi a gida, ta nuna yana cikin hidimar iyalinsa, lokacin salla ya yi ya fita. A wasu ruwayoyin an ambaci yana ɗinke tufarsa, yana gyara takalminsa, yana tatsar akuyarsa. Nana Faɗima kuma da hannunta take niƙa har dutse ya yi mata kanta. Wanda yake ganin wanke rigarsa zubar da mutunci ne, ya faɗa mana a wane littafi ya karanta.

Wani zai ce ya gaji a kasuwa. Gaskiya ne, amma gajiyar baki da ƙwaƙwalwa ce, ciniki da lissafi da bin bashi. Ƙafa da kafaɗa hutu suka wuni suna yi. Wani kuma zai ce ga almajirai, me ya sa zai wahala? Yaron da aka turo karatu ba bawanmu ba ne. Mu ba shi abinci saboda Allah, ba don ya yi mana wankin da muke ƙyuya ba.

Sannan kada wani ya ɗauki wannan rubutu ya kai wa uwargida ya ce malam ya ce aiki lafiya ne, a ƙara himma. Ita ta riga ta cika nata mudun har ya zuba: girki, wanki, goyo, ɗibar ruwa, ciwon baya. Da kai muke, Alhaji.

Abin da muke nema kaɗan ne. Masallacin da ke bayan layi, mu taka, a bar babur ya huta. Kowane taku ma da ladarsa. Mu share tsakar gida da ƙofar shago da hannunmu. Mu wanke motarmu da kayanmu ko sau ɗaya a mako. Ranar Asabar bayan asuba, kowane layi ya fito da shebur a kwashe kwata tun damina ba ta kankama ba, mun yi gumi, mun rage sauro. Mai ciwon zuciya ko ciwon baya ya fara shawartar likita, ya bi a hankali. Wanda aka ɗora wa magani kada ya ajiye shi don ya fara shara, kuma kowa ya riƙa zuwa awon jini.

Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ita. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya sa mu gama da duniya lafiya, amin.