Bututun Birki Ba Wurin Neman Araha Ba Ne

Sanin kowa ne cewa idan aka yi haɗarin mota a ƙasar nan, abin da akan fara ji shi ne wai birki ya tsinke. Daga nan sai a ce ƙaddara ce, a rufe magana. Ba a cika tambayar abin da ya tsinke ba, alhali kuwa a wasu lokuta wani ɗan siririn bututu ne wanda kaurinsa bai kai milimita 5 ba, watau wanda yake kai man birki zuwa ƙafafun mota.

Aikin wannan bututu ba ƙarami ba ne. In direba ya taka birki da ƙarfi, matsin da ke cikinsa yakan ninka na iskar taya sau talatin ko fiye. Saboda haka ne masu ƙera motoci suke yin sa da baƙin ƙarfe mai ninki biyu. Aibinsa guda ne, tsatsa. Motocin gwanjo da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, inda ake watsa gishiri a kan tituna lokacin hunturu, da yawa sukan iso da bututun da tsatsa ta riga ta ci, ko da fentinsu yana ta ƙyalli. Wannan matsala ce ta sa kamfanin Volvo na Suwidin ya koma a 1976 ga bututun da aka haɗa da jan ƙarfe kashi 90 da nikel kashi 10. Irin wannan ba ya tsatsa, yana da sauƙin lanƙwasawa, sai dai ya fi tsada.

Abin takaici shi ne yadda wasu kanikawa ke ɗauko bututun jan ƙarfe zalla, irin na firji, su ɗaura wa mota don kawai yana da araha kuma yana biyayya ga hannu. Jan ƙarfe zalla yakan taurare in ya sha girgiza, hanyoyin karkara kuwa ba sa rowar girgiza. Wata rana sai ya tsage a gindin noti ba tare da sallama ba, galibi a daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Mahaɗa ma tana da nata sharaɗi, a nan ne kuma aka fi yin ganganci. Bakin bututu iri biyu ne: akwai mai leɓe ninki biyu, kamar na Toyota da yawancin tsofaffin motocin Amurka, akwai kuma mai kumburarren kai, kamar na Peugeot da Volkswagen. Ɗaya ba ya zama a mazaunin ɗaya. Haka nan notin milimita 10 da na inci uku bisa takwas sun yi kama ƙwarai, har ɗaya yakan shiga gurbin ɗan'uwansa ya yi kamar ya kama, sai an taka birkin gaggawa ya fizge. Batun like bututu da walda, ko haɗa shi da mahaɗar masu gyaran famfo, ko toshe layin ƙafa guda da ƙusa don a ƙarasa tafiya, wannan kam bai cancanci a kira shi gyara ba.

Za a iya cewa kayan kirki sun yi tsada, kuma gaskiya ne. Amma ma'aikacin da zai ɓata rabin yini yana zaɓen fenti da rigar kujera ba shi da hujjar ƙin tambayar bakanike irin bututun da ya sa masa. Ya kamata ya nemi a nuna masa tsohon da aka cire, a kuma sauya layin gaba ɗaya daga noti zuwa noti.

Sauran nauyin yana kan hukuma. Jami'an duba motoci da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, su riƙa leƙa ƙarƙashin mota kafin a ba da shaidar lafiyarta, musamman motocin haya. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta shiga kasuwannin kayan mota irin su Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, ta ga abin da ake sayarwa da sunan bututun birki. Makarantun koyon sana'a kuma su tabbata ba ɗalibin da zai fita bai iya buɗa bakin bututu da na'urar da aka yi domin haka ba.