Raddi Ga Mai Cewa Juyin Mulki Ne Mafita: Shaidar Tarihin Yawuri

Wani malami da nake girmamawa ya yi rubutu yana kira ga sojoji su karɓi mulki. Hujjojinsa su ne: kafin zuwan Turawa ba mu san rigimar mulki ba, jamhuriya ce ta kawo mana ita; ƙasashen Latin Amurka sun faɗa yaƙin basasa a ƙarni na 19 ne don sun zaɓi jamhuriya; mai ƙarfi in ya riƙe ƙasa da takobi sai kowa ya natsu; kuma Shehu Usmanu ma da yaƙi ya kawar da sarakunan Gobir. Malam, Allah ya gafarta maka, ni mutumin Ngaski ne, kuma ƙasarmu tana da amsa a kan wannan magana.

Abin da ya harzuƙa ka gaskiya ne. A watan Mayu na 2021 jirgin ruwa ya nutse da mutanenmu kusa da Wara, aka rasa rayuka masu yawa. A watan Yuni na shekarar 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri. Duk wanda ya ga waɗannan dole ransa ya ɓaci da masu mulki. A kan ciwon babu saɓani tsakaninmu, maganin da ka kawo ne ban yarda da shi ba.

Ka ce kakanninmu ba su san juyin mulki ba. To me za a kira abin da ya faru a Yawuri a 1844, lokacin da aka kori Sarki Jibrilu Gajere daga gadon sarauta? Babu majalisar dokoki a lokacin, babu jam'iyya, babu akwatin zaɓe. 'Ya'yan gida ɗaya ne kowa ya tara mayaƙansa. Kuma ba Yawuri kaɗai ba. Abdussalami, almajirin Shehu, ya yi wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello tawaye a 1817, shekarar da Shehu ya rasu. Buhari na Haɗeja ya bijire wa Sakkwato fiye da shekara goma. A Kano, da Sarki Muhammadu Bello ya rasu a 1893 aka naɗa ɗansa Tukur, sai Yusufawa, ɓangaren da bai yarda da naɗin ba, suka fice zuwa Takai, aka yi Basasa har jagoransu Aliyu Babba ya shiga birni a 1894, aka kashe Tukur a 1895. Bature bai taka Kano da yaƙi ba sai 1903. Wannan hujjar ta faɗi tun a ƙofar gida.

Wadda ta fi damuna ita ce cewa takobi yana kawo natsuwa, don a nan ne mutanen wannan yanki suka biya farashi da jininsu. A 1830, da 'yan'uwan nan biyu Richard da John Lander suka zo Yawuri, sun tarar da babban birni mai ganuwa, mai kasuwa, a kan hanyar fataken goro da ke zuwa Gwanja. Shekara goma sha huɗu bayan haka rigima ta ɓarke. Wanda ya kori sarki bai samu zama ba, don ya koya wa na bayansa hanyar da ake bi a hau. Gidan Gajere bai haƙura ba, ɗansa Yakubu ya ci gaba da neman sarauta da makami. Rikici ya yi ta lafawa yana tashi, har sarauta ta bar Birnin Yawuri ta koma tsibirin Ikum a tsakiyar Kwara. Malam, ka dubi wannan da kyau: sarkin da ke da ganuwa ya koma yana fakewa da ruwa.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, wanda aka ba sarautar Sarkin Sudan a 1859, yana nan kusa da rundunarsa yana neman ƙasa. Rigimar gidan Yawuri ce ta buɗe masa ƙofa. Ya shigo da sunan taimakon ɓangare guda, ya kafa Kwantagora, kuma ƙasar Kambari ta gabas, har da yankinmu na Ngaski, ta koma ƙarƙashin ikonsa. Bayan rasuwarsa a 1876 abin bai tsaya ba. Zamanin ɗansa Ibrahim hare-haren kama bayi suka watsa ƙauyuka, har Turawa suka ci Kwantagora a 1901. Wa ya biya wannan bashi? Manoman Kambari da masuntan Gungawa, waɗanda ba wanda ya tambaye su wa suke so ya yi sarki. Sai a 1888, da Abdullahi Abarshi ya hau ya mai da hedikwata Yelwa, ƙasa ta fara numfasawa, amma ta riga ta ƙanƙance. Daga 1844 zuwa 1888 shekara 44 ke nan. Natsuwar da takobi ya kawo mana ke nan.

Batun Latin Amurka kuwa, ina ganin ba ka bi tarihin daki-daki ba. Meksiko ta samu 'yanci daga Sifen a 1821, kuma ba da jamhuriya ta fara ba. Janar Iturbide ya naɗa kansa sarki a 1822, sojojinsa suka tumɓuke shi a 1823. Juyin mulki ya riga jamhuriya zuwa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka tumɓuke shi, Janar Santa Ana, shi ne irin mai ƙarfin da kake fata: ya hau ya sauka sau da yawa, kullum da sunan ceton ƙasa. A hannunsa Teksas ta ɓalle a 1836, sannan a yaƙin 1846 zuwa 1848 Amurka ta ƙwace kusan rabin ƙasar. Abin da Kwantagora ta yi wa Yawuri shi Amurka ta yi wa Meksiko, kuma dalilin ɗaya ne. Ka kwatanta da Cile, ita ma jamhuriya ce sabuwa. Daga 1831 zuwa 1871 shugabanni huɗu suka yi mulki, kowanne shekara goma, kowa ya miƙa wa na bayansa bisa doka. An yi tawaye a 1851 da 1859, bai yi nasara ba. Ashe ba sunan tsarin ne ke haddasa yaƙi ba. Abin da ke haddasa shi shi ne rashin wata ƙa'ida ta gadon mulki da masu riƙe da makami suka yarda ta fi ƙarfinsu.

Kawo sunan Shehu a nan bai dace da mai ilimi irinka ba. Shehu ya yi kusan shekara talatin yana wa'azi da karantarwa. Da aka matsa wa jama'arsa, hijira ya yi daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, aka biyo shi da yaƙi har Tafkin Kwatto. Ina alaƙar wannan da hafsan da aka ba amanar tsaron shugaba ya wayi gari ya tsare shi, kamar yadda aka yi a Yamai ranar 26 ga Yuli, 2023? Ka fi ni sanin yadda malaman Sunna suka tsananta a kan fito-na-fito da shugaba, saboda fitinar da ke biyo baya takan fi zaluncin da aka tashi kawarwa.

Nijar ta ga juyin mulki a 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023. Da magani ne, da na farko ya wadatar. Mu kuma a Najeriya na 15 ga Janairu, 1966 ya cinye mana Sardauna da Tafawa Ɓalewa, ya haifi na watan Yuli, ya kai mu yaƙin basasa na wata talatin.

Malam, almajiranka suna da yawa a Yelwa da Wara da Shanga, kuma suna ɗaukar maganarka da nauyi. Ka koya musu su tuhumi ɗan majalisarsu, su tsare ƙuri'arsu a rumfar zaɓe, su kayar da wanda ya ci amana. Ina roƙon ka, don Allah, ka janye wancan kira a fili kamar yadda ka yi shi a fili.