Zauren Iyaye: Ilimi, Randa Ko Rijiya?

A wannan wata bari mu dubi karatun da yaranmu ke yi ta wayar hannu da kwamfuta, gama abin ya riga ya shigo gidajenmu.

Kun tuna a watan Maris na 1920 ba a san da wannan ba, amma a Maris na 2020 da aka rufe makarantun Nijeriya saboda cutar korona, sai darasi ya koma rediyo da talabijin da intanet. Mu nan Zamfara wahalar ta ƙaru. Bayan sace 'yan matan Jangebe a Fabrairu 2021 aka rufe makarantun kwana, a Satumba kuma aka katse layukan waya. Yaran Anka da Gummi da Bukkuyum suka zauna gida. A 2022 Gwamnatin Tarayya da UNICEF suka buɗe Nigeria Learning Passport, inda yaro zai sami darussan firamare da sakandare kyauta. Jarrabawar JAMB ma tun 2015 a kwamfuta ake yin ta.

To, ga abin lura. Yara biyu, waya iri ɗaya, darasi ɗaya. Wannan ya zauna yana ta fama, wancan ya kalla minti biyar ya koma kallon ƙwallo. Mukan ce ragwanci ne. Sau da yawa kuwa tushen yana ga abin da yaron ya ɗauka shi ne ilimi.

Wani yaro a ganinsa ilimi randa ce: malam ya ɗebo ya cika, shi nasa ya kamfata ya sha. Wani kuma ya san rijiya ce, sai an haƙa, an sha ƙasa da gumi, kafin ruwa ya tsatso. Wata malama a Amurka, Marlene Schommer, ta binciki wannan a 1990. Ta tarar ɗaliban da suka gaskata cewa karatu nan take yake shiga, in bai shiga ba shi ke nan, sukan yi gaggawar yanke magana, su sami maki kaɗan, alhali suna zaton sun gane.

A cikin aji ɗan randa yakan ɓuya, domin akwai ƙararrawa, akwai idon malam, akwai allo da zai kwafa. A waya babu ko ɗaya. Da lissafi ya yi tauri sai ya ce, "Kaina ba ya ja," ya rufe. Ɗan rijiya kuwa yakan maimaita darasin sau uku, ya ɗauki biro ya gwada, ya rubuta tambayarsa ya ajiye.

Akwai haɗari na biyu. Yaron da ya saba haɗiye duk abin da babba ya faɗa, haka zai haɗiye duk abin da waya ta faɗa. Mutanen ƙasar nan ba su manta 2010 ba, sa'ad da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Dutsen da ke ɗauke da zinariya shi ne ke ɗauke da gubar. Intanet ma haka take, sai an tantance. Ku duba Ayyukan Manzanni sura 17. An yabi mutanen Biriya domin sun karɓi wa'azin Bulus da marmari, duk da haka kowace rana suna bin Littattafai su tabbatar. Bincike ba rashin ladabi ba ne, ba kuwa rashin bangaskiya ba.

Me za mu yi? Baba, ko ba ka yi boko ba, in yaro ya gama darasi ka ce ya ajiye wayar ya bayyana maka da Hausa. In ya kasa, bai gane ba tukuna, ya koma. Mama, kada ki yabe shi don ya gama da wuri, ki yabe shi don ya jure. In ya kawo labari daga waya, ku tambaye shi, "Wa ya faɗa? Ta yaya ya sani?" Mu malamai kuma, na boko da na makarantar Lahadi, mu daina tsawata wa mai tambaya. Yaron da aka rufe wa baki a aji ba zai buɗe shi a gaban kwamfuta ba.

Sayen waya da kati kuɗi ne, kuma da wuya ake samunsu. Kada a zuba su a banza. Ubangiji ya ba yaranmu zuciyar haƙuri da ganewa. Sai wata mai zuwa, in ya yarda.