Haƙori ba ya son haƙuri

A Matamaye, in lokacin rake ya yi, kowane yaro za ka gan shi da sanda guda a hannu. Ga alawa a ƙofar makaranta, ga shayi mai sukari da safe. Amma ran da haƙori ya tashi, sai ka ga yaro ya dafe kunci. Ba ya iya cin tuwo, ba ya iya karatu. Manya su ce masa: "Yi haƙuri, zai wuce." Ni kuwa a ganina, wannan haƙuri cuta ne.

Me ke kawo ciwon haƙori? Wasu na cewa tsutsa ce. Babu wata tsutsa. Ƙwayoyin cuta ne ƙanana, ido ba ya ganinsu. Suna cin zaƙin da ya kwana a bakinmu, suna fitar da wani ruwa mai tsami. Tsamin nan shi ke cinye farin bangon haƙori, har ya yi kogo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In kogon ya kai ga jijiya, ciwo ya zo ke nan. Wani lokaci kuma dasashi ne ke kumbura saboda dauɗa. Mai fasa ƙashi ko buɗe kwalba da haƙori, shi ma yana iya tsaga shi.

Fata in ta yanke takan warke. Kogon haƙori kuwa ba ya rufewa da kansa. Kanumfari yana rage zogi, amma kogon yana nan. In ciwo mai tsanani ya yi shiru, kada ku yi murna. Sau da yawa jijiyar ce ta mutu, mugunya tana taruwa a ƙasa. Daga nan sai kumburin fuska da zazzaɓi.

Haƙoran yarinta 20 ne, na girma 32. Turmin farko na girma yana fitowa tun yaro na da shekara 6. In an cire shi, wani ba ya tsirowa. In kogo ƙarami ne, likita yakan cike shi. In an makara, sai cirewa.

Ku kula da bakin ƙannenku ma. Akwai cutar da likitoci ke kira noma. Ta fi kama yara ƴan shekara 2 zuwa 6 waɗanda ba su samun isasshen abinci. Tana farawa da gyambo a dasashi da warin baki, cikin ƴan kwanaki ta cinye kunci. In an kai yaro da wuri, magani yana tsayar da ita. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci.

Wani zai ce Damagaram da nisa, kuɗin mota da yawa. Gaskiya ne. Amma a fara da gidan likita na Matamaye. In abin ya fi ƙarfinsu, su za su tura mutum babban asibitin Damagaram. Kuɗin yau bai kai na gobe ba.

Yara, ku goge haƙoranku safe da dare, da asuwaki ko buroshi. Ku kurkure baki bayan shan rake. Wanda ya ji sanyin ruwa ya soki haƙorinsa, ya gaya wa iyayensa a ranar.